Bangon Ɗakin Ɗigo

Fitilar bango a cikin kwalinta. Ƙwan lantarki mai taushin haske. Sukundireba da testa. Ƙusoshi a ledar magani. Farin labule. Sandar labule, wadda ta ƙi shiga tasi sai da aka sauke gilashi ta leƙa waje. Ragowar fenti a gwangwani. Makullin gidan da ba nata ba.

Kayan da Auta ta rungume ke nan a kujerar baya lokacin da wayarta ta sake yin ƙara. Umma ce.

"Kina ina?"

"Ina hanya, Umma."

"Hanyar ina? Yau dai ba ki da aiki a kantin magani."

"Saƙo zan kai."

"To ki kai ki dawo. Manaja zai zo gaishe da babanki da yamma. Kada ki sa in yi ta ba mutum haƙuri kamar wancan karon."

Auta ta ce to. Direban ya dube ta ta madubi, ya dubi sandar labulen, ya mayar da ido kan titi.

Manaja ba shi da aibu, wannan ne ma abin haushin. A banki yake aiki, bai taɓa aure ba, kuma ya haddace sunan kowane maganin da Baba yake sha. Mutanen gidan duk sun riga sun aure shi a zuci. Ita kaɗai ta rage.

Ita kuwa Malam take so. Malamin lissafi ne a sakandare. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa 'ya da ake kira Ɗigo saboda ƙanƙantar da aka haife ta da ita. Yarinyar tana hannun kakarta ta wajen uwa, Hajiya. A kantin magani suka saba, inda yake zuwa sayen madarar jarirai, ya tsaya yana karanta bayan gwangwani kamar takardar jarrabawa.

Ranar da Umma ta ji labari, cewa ta yi, "Duk mazan duniya, sai wanda za ki fara aure da goyon 'yar wata?" Baba ya kau da kai. Rediyo ya ƙara wa murya.

Yanzu Ɗigo ta fara rarrafe, Malam yana so ta dawo gidan ubanta. Hajiya ta ce sai ta ga ɗakin da za a sa jikarta tukuna. Shi ne ya ba Auta makulli.

"Fitila kawai, da labule," ya ce. "Ki je lokacin da nake makaranta. Ni har yau ba na iya shiga ɗakin. In Hajiya ta gani ta yarda, sai in zaunar da ita in yi mata maganarki."

Auta ta san aikin. A gidansu ita ce mai gyaran soket da famfo tun da hannun Baba ya fara rawa. Amma da ta buɗe ɗakin shekaranjiya, sai ta ga fitila da labule ba za su isa ba. Kwalaye jibge a jikin bango, ƙura ko'ina, gadon jariri har yanzu a ledarsa. Da ta janye kwalayen sai ga zane-zanen fensir a ƙasan bangon, ba su wuce ƙugun mutum ba. Wasu layuka, wasu abubuwa masu kama da tsuntsaye, rabi an gama rabi an bari. Ta ce a ranta aikin yaran tsofaffin masu haya ne.

Ta sa tsumma da sabulu ta goge su fes. Ta sayo fenti mai launin sararin sama, ta shafe bangon sau biyu, ta buɗe taga don wari ya fita. Ba ta gaya masa ba. So take ya buɗe ƙofa ya yi mamaki.

Yau da ta shiga, fentin ya bushe ya yi lumus. Ta tsaya ta kalle shi da jin daɗi.

Ta kashe wutar gidan daga babban makunni, ta hau tsani, ta taɓa wayoyin da testa don ta tabbata. Fitilar ba a saman gadon za ta ɗaura ta ba. Jariri a rigingine yake kwana, haske zai riƙa dukan idonsa. Gefe ta zaɓa, kusa da ƙofa, inda mai shigowa zai ga fuskar yarinya ba tare da ya tashe ta ba.

Tana riƙe da ƙusa a baki aka ƙwanƙwasa. Kafin ta sauko, an turo.

Yayarta ce, da jaka a kafaɗa da fuskar da ta aro daga Umma.

"Sannu, injiniya," Yaya ta ce. "Wannan ne saƙon?"

Auta ta cire ƙusar daga bakinta. "Wa ya nuna miki gidan?"

"Ke. Ranar da muka wuce a mota kika juyar da wuya kamar zai karye. Sauko mu tafi."

"Saura kaɗan, Yaya."

"Auta, kin san a ina kike? Gidan namiji, ke kaɗai, da makulli a hannunki. In maƙwabta suka tambaye ni in ce me? Kamfanin lantarki ne ya turo ki?"

"Ba ya nan. Yana makaranta."

"Maƙwabtan ma suna makaranta?"

Auta ta juya ga aikinta. Ta ɗaure noti na ƙarshe, ta murɗa ƙwan.

Yaya ta zagaya ɗakin da ido, ta shafa bangon da yatsa. "Ya yi kyau dai, ba zan yi ƙarya ba. Ni da na roƙe ki ki gyara min fitilar kicin tun bara, har yau da tocila nake yanka albasa." Ta zauna a kan kwali. "Ki gaya min gaskiya. Danginsa sun san da ke?"

"Zai gaya musu."

"Zai. Manaja kuwa har kakarsa ta san lambar takalminki."

"Ba takalmi nake nema ba."

"To me kike nema? Mutumin da bai gama kukan wata ba? Ki shigo gidan nan, kowane cokali wata ce ta saya. Ki yi dariya da ƙarfi, a ce ba ki da kunya. Ki tsawata wa yarinya, a ce don ba ke kika haife ta ba. Na girme ki, na san abin da nake faɗa."

Auta ta sauko, ta je ta kunna babban makunni, ta dawo ta danna. Haske mai taushi ya kwanta a shuɗin bangon. Ko Yaya sai da ta tsaya kallo.

A lokacin suka ji ana buɗe ƙofar waje. Muryar Malam, da wata muryar tsohuwa, da gurnanin jaririya.

Auta ta tsaya cak. Ƙarshen mako Malam ya ce Hajiya za ta zo.

"A hankali, Hajiya, akwai tudu a nan," yana cewa. "Ban san yau za ki zo ba, da na sa an share."

"Asibiti muka je rigakafi, na ce bari in biyo ta makarantarku. Ina ɗakin?"

Suka shigo. Hajiya doguwa ce siririya, da tabarau, Ɗigo a kafaɗarta tana tsotsar yatsa. Malam yana bayanta da alli a hannun rigarsa. Ya ga Auta, ya ga Yaya, sannan ya ga bangon. Nan idonsa ya tsaya.

Auta ta durƙusa. "Ina wuni, Hajiya."

Hajiya ba ta ji ba. Ta wuce kai tsaye zuwa bangon da ke fuskantar taga, ta sunkuya, ta gyara tabarau. Ta duba dama, ta duba hagu.

"Ina bishiyar?" ta ce.



"Nan take. Nan 'yata ta zana ta. Cikinta ya yi nauyi ba ta iya tsayuwa, sai ta zauna a 'yar kujera tana zanawa. Ni na riƙa fere mata fensir. Ta ce in ta haihu za ta sa wa tsuntsayen launi." Ta juyo ga Malam. "Ina take?"

Auta ta kalli ƙasan bangon. A 'yar kujera. Shi ya sa zanen bai wuce ƙugu ba.



"Ni ce," Auta ta ce. Muryarta ta fito siririya. "Ni na shafa fentin. Ban sani ba, Hajiya. Na ɗauka yara ne."

"Yara."

"Na ga a ƙasa yake."

"In an kankare fentin, zai fito?"

Auta ta so ta ce e. Ta sunkuyar da kai. "Na wanke shi da sabulu kafin in shafa."

Hajiya ta ɗora tafin hannu a bangon, ta daɗe a haka. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ɗigo ta miƙa hannu wajen sabuwar fitilar tana dariya.

Can tsohuwar ta miƙe, ta kalli Auta daga kai har ƙafa, har fentin da ya maƙale a gefen farcenta.

"Wace ce wannan?"

Malam aka yi wa tambayar. Auta ta ɗago ta dube shi. Ba haka suka tsara ba, amma ga lokacin ya zo da kansa.

Ya kalli ƙasa. Ya kalli surukarsa da hannunta da bai bar bangon ba.

"Wadda na sa ta gyara ɗakin ce," ya ce.

"Mai aiki?"

Ya yi shiru, shirun ya amsa masa.

Yaya ta miƙe daga kan kwalin a hankali. "Mai aiki," ta ce. "Malam, ƙanwata ce mai aikin? To nawa kuka yi da ita, in karɓar mata?"

"Yaya, don Allah," Auta ta ce.

"A'a, bari in ji. Mu a gida ana ta fama da ita a kanka, ta ƙi ci ta ƙi sha, ashe kwangila ta samu."

Hajiya ta dubi Yaya, ta dubi Malam, ta dubi makullin da ke kan taga kusa da jakar Auta. Tsohuwa ce, ba sai an yi mata bayani ba.

"Af," ta ce a hankali. "Ashe haka ne. To ai an fara da kyau. An goge bango, saura me?" Ta gyara wa Ɗigo zama a kafaɗa. "Yarinyar nan tana da gado a gidana. Ka samo min tasi."

"Hajiya, ki tsaya in yi miki bayani."

"Na ce ka samo min tasi. Ko in fita in nema da kaina?"

Ya bi ta. Yaya ta ɗauki jakarta. "Ina bakin ƙofa. Ki tattara ƙarafunanki."

Auta ta tsaya ita kaɗai a ɗakin. Ta ɗauki sukundireba ta sa a leda, ta ɗauki testa.  Ta matsa kusa da bangon ta tsuguna daidai inda 'yar kujera za ta kai mutum, ta duba ko akwai layi ɗaya da ya tsira. Babu. Ta yi aikin da kyau ƙwarai.

Haka Malam ya dawo ya same ta.

 Ya kunna tocilar wayarsa, ya manna ta a jikin bangon yana bin sa da haske a karkace. Sawun rolar fenti kawai ya gani. Ya kashe.

"Fitila na ce, Auta. Fitila da labule."

"Na sani."

"Me ya kai ki?"

"So na yi ka ji daɗi." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Na ga ɗakin kamar kabari, na ce bari yarinya ta buɗe ido a wuri mai haske. Da ka gaya min, Malam. Kalma ɗaya. Ka ce kada ki taɓa bangon nan."

"Ba na iya faɗa."

"Ko hoton zanen ba ka da shi?"

Ya girgiza kai. "Kullum ina cewa sai ta gama." Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon jaririn, ledar ta yi ƙara. "Ranar da za mu tafi asibiti ta ce in ajiye mata fensirin a taga. Da na dawo ni kaɗai, na jibga kwalaye a gaban zanen don kada in gani. Yanzu ina so in gani, babu."

"Ka yafe min. Wallahi da hannuna zai dawo da shi, da na bayar."

"Na san ba da gangan ba ne."

"Ban ce ka sani ba. Na ce ka yafe."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka motsa. Ta taɓa ganin idonsa ya yi ja, amma ba ta taɓa ganin ya yi kuka ba, kuma ba ta da ikon ko dafa shi.

Ta bari har ya lafa. Sannan ta ce, "Ni mai aiki ce?"

"Auta."

"Tambaya na yi."

"Kin ga fuskarta. Ta yaya zan ce mata ga wadda zan aura, a gaban bangon nan, a wannan lokacin? Da ta faɗi."

"Sai ka bar ni ni in faɗi."

"Ba haka nake nufi ba. Ki ba ni lokaci. In ta huce zan je in same ta."

"Ka ce mata me? Mai aikin nan da ta goge zanen 'yarki, ita nake so ta riƙe jikarki?" Ta yi 'yar dariya da ba ta dariya ba. "Ko ni ce ita ba zan yarda ba."

"Za ta yarda. Mutuniyar kirki ce."

"Na gani. Shi ya sa abin ya fi ciwo." Ta share fuska da gefen mayafi. "Na yi laifi, na amsa da bakina a gaban kowa. Ban ɓuya a bayanka ba. Kai kuma aka tambaye ka abu ɗaya, a gaban yayata. Ka san abin da na sha a gida saboda kai? Umma ta yi wata ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Na ce musu kai mutum ne mai magana ɗaya. Yanzu da wane ido zan kalli Yaya?"

"Ina son ki. Wannan bai canza ba."

"A kantin magani kana so na. A waya kana so na. A ɗakin nan fa?"

Ya ɗago ya dube ta, sannan idonsa ya zame ya koma bangon. Bai yi da niyya ba. Ta gani.

"Ka ga?" ta ce a hankali. "Haka za ka riƙa yi. In na kawo maka abinci, in na yi wa Ɗigo wanka, in na yi dariya. Za ka dube ni ka dubi bangon. Ranar da ta girma ta tambaya me uwarta ta bar mata, wa zai ba ta amsa? Kai, ko ni?"

"Kada ki yanke hukunci yau."

"In na tsaya, Hajiya ba za ta ba ka 'yarka ba. Ka san haka. In babu ni, za ta huce ta kawo ta."

"Ban ce ki zaɓar min ba."

"Ai ka riga ka zaɓa. Ina tsaye a nan ka zaɓa."

Bai musa ba. Ta jira ya musa, har ta ji kunyar jiran.

Ta miƙe. Labulen yana nan a naɗe a kan kwali, sandar tana jingine a lungu.

"Ban rataya labulen ba," ta ce. "Na huda ramukan, ƙusoshin suna cikin ledar nan. Fitilar kada ka sa mata ƙwai mai ƙarfi. In wannan ya mutu ka nemi irinsa."

"Auta, don girman Allah."

Ta ɗauki jakarta. Makullin ta bar shi inda yake a kan taga.

Yaya tana tsaye a waje, ta harɗe hannu. Ta ji komai, fuskarta ta nuna. Auta ta zaci za ta ce ai na gaya miki. Ba ta ce ba. Hannu ta sa ta gyara mata mayafin da ya zame.

"Ki wanke fuska kafin mu isa," ta ce. "Zan ce wa Umma kanki ke ciwo, a ba Manaja haƙuri. Ba dole sai yau ba."

Daga ciki suka ji motsin Malam ya taso, takunsa yana nufo su. Auta ta kama mariƙin ƙofar ta jawo ta har ta ji ta datse.

"Kada ki ba kowa haƙuri," ta ce. "Ki kira Umma. Ki ce in Manaja ya zo ya jira ni, zan fito. Kuma duk abin da ya tambaya, na amince."